Gurbin Shiru-shiru a Gidan Reno

2 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nasa ba. Yaya maigidanki da yaran huɗu? Yaya ƙafar nan taki da tsayuwar ɗakin wankin asibiti? Ni da sauƙi. Idon hagu ne yake ruwa saboda hasken walda. Likitan kamfani ya ɗiga mini magani ya ce in huta, na tambaye shi ko shi zai haɗa mini bututun. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Madatsar ruwan nan shekara biyu ke nan tana shan ƙarfinmu, har yau ba ta ƙoshi ba. Waya kuwa kin sani, a tsakanin duwatsun nan sai dai ka duba lokaci da ita. Jakar wasiƙun kamfani ce gatanmu, sau biyu a wata.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu a ranar hutuna. Na buɗe ambulan ɗinki na tarar da takardar gidan renon da kike kai Shiru-shiru, wai in sa hannu tunda ni ne uba. Sau uku na karanta kan takardar: shirin ciyar da yaran da abinci bai wadace su ba. Yaya, 'yata ce abinci bai wadata ba?

Da kika ce za ki sa ta a gidan renon ƙungiyar nan ban ƙi ba. Kin ce ba don riba suka buɗe ba, abin da ake biya kaɗan ne, suna koya wa yara waƙa da ƙirga, kuma kin samu inda za ki bar ta daga safe har ki tashi aiki. Na ce madalla. Ban san daga reno za a kai ga rubuta ta cikin mayunwata ba.

Ba zarginki nake ba. Ranar da muka binne uwarta ke kika saɓa ta a kafaɗa, ba wanda ya roƙe ki. Abu ɗaya na ce da zan taho: kada ki ware ta, ki riƙe ta kamar naki. Amma ni ma ba shan iska ya kawo ni nan ba. Duk wata ina aiko abin da ya samu, ban taɓa tsallakewa ba. In ba ya isa ki faɗa mini ƙiri-ƙiri in ƙara awannin aiki. In yana isa, to ina yake shiga?

Takardar tana cikin akwatina. Ban sa hannu ba.

Ki shafa mini kanta.

Ƙaninki, Auta

19 ga Maris

Auta,

Gaisuwarka ta iso, mun amsa. Kowa lafiya. Ƙafa tana nan tana kumburinta, mun saba da juna. Idon kuma ka daina wasa da shi, biyu kacal aka ba ka.

"Ba zarginki nake ba," sannan "ina yake shiga?" Kai Auta, ni na goya ka fa. Tukunya yake shiga, inda nawa da na maigidana suke shiga. In kana so in riƙa haɗo maka da ƙanzo don shaida, sai ka faɗa.

Bari in gaya maka yadda abin yake, tunda daga kan dutse kake hango shi. Yara arba'in ne a gidan. Duk farkon wata malamar awo tana ɗora kowa a sikeli, ta naɗa masa wani ɗan tef a damtse mai launi uku: kore, rawaya, ja. Shiru-shiru ta faɗa rawaya wata biyu a jere. Malamar ta ce ba cuta ba ce, amma ba a barin yaro ya zauna a rawaya, don ƙofar ja ce. Waɗanda suke cikin shirin ana ƙara musu ƙwai da madara da hantsi, ana auna su duk mako. Iyakarta ke nan.

Ni ma raina ya ɓaci da aka gaya mini, a gaban maƙwabciyarmu matar mai gyaran takalma ma, wadda magana ba ta kwana a bakinta. Na ce wa malamar, yarinyar nan abin da nawa suka ci shi take ci, tire ɗaya, lokaci ɗaya, ban taɓa bambanta su da ko loma ba. Ta ce ta yarda. Ta tambaya ko ubanta yana raye. Na ce yana raye, yana can yana tare wa wasu ruwa.

Ka sa hannu ka aiko. Shugabar gidan ta ce za su fara ba ta tun kafin takardar ta zo, amma a ƙarshe sai da hannun uba. Af, shekaranjiya sun ɗauki hotonta. Ta ƙi murmushi, ta ɗaure fuska, kai sak.

Kuma ka sani, gurbin nan ba a tsintar irinsa a hanya. Wata bakwai na yi ina jira. Yaron da ya yi kwana goma bai zo ba, na bayansa a layi ake kira.

Yayarka

6 ga Afrilu

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ina nan. Idon ya daina ruwa, ya koma ƙaiƙayi.

Maganar ƙanzo na karɓa, na cancanta. Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da kika jefo kamar ba komai ba, shi ne ya hana ni sakat: sun ɗauki hotonta.

A ɗakin cin abincinmu, kusa da inda ake mayar da kwanuka, akwai wani akwatin gilashi da ake jefa canji. A jikinsa an manna hoton wata yarinya, idanu manya, wuya kamar zare. Ba suna, ba gari. Shekara biyu nake wuce ta sau uku a rana. Akwai wani mai tuƙa injin ɗaga kaya, ba mugu ba ne, ya taɓa ara mini rigar sanyi. Amma duk sanda ya jefa wani abu a akwatin sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Na aika wa mutanenku." Sai in yi murmushi, don wa'adin aikina bai ƙare ba. Yarinyar nan ma tana da uba a wani wuri, Yaya. Wataƙila shi ma takarda aka aika masa ya sa hannu.

Yanzu ki haɗa da kanki. An auna ta, an tambaya ko ubanta yana raye, an ɗauke ta hoto ba ta murmushi. Ba sai an buga mini ƙasa ba. Ƙungiya ba ta neman riba, na ji. Amma ƙwai da madara ba daga sama suke faɗowa ba. Wani ne yake bayarwa, mai bayarwa kuwa yana son ya ga fuskar da zai tausaya wa.

Ba zan ci haƙƙin matan nan ba. Sun riƙe yarinya kin samu kin yi aiki, kuma na yarda ba sa ƙoshi da abin da ake ba su. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya suke yi. Amma na bar 'yata, na bar kabarin uwarta, ina shaƙar hayaƙin ƙarfe a ƙasar da ko gaisuwata ba a iya amsawa, don kada ta taɓa miƙa wa wani hannu. Ba zan yarda a miƙa fuskarta a madadin hannun ba.

Ki cire ta, daga ranar da wannan ta same ki. Ki karɓo hoton. Tsohuwar nan ta ƙasan benenku da take tsaron yaran maƙwabta, ki riƙa kai mata ita, abin da za a ba ta yana wuyana. Ƙwai da madara ki saya ki ba ta a gida.

Ban taɓa yi miki magana da muryar uba ba. Yau na yi. Ki yafe mini kaushin, amma ki cika.

Auta

9 ga Afrilu

Auta,

Lafiya muke, ina fatan kai ma haka. Ban ga amsarka ba tukuna, amma wannan ba za ta iya jira ba.

Ranar Asabar mai girkin gidan renon ta zo gidanmu. Wata gajeriyar mata ce mai murya kamar kwandastan mota. Ashe haka suke yi, in yaro ya faɗa rawaya sai a zo a ga yadda ake ci a gidansu. Na share ko'ina, na yi girki har da kifi, don ta koma ta ba da labari. Tana shigowa ta ce, "Baiwar Allah, ba tukunyarki na zo leƙawa ba. Zuba musu yadda kika saba, ki zo nan ki zauna kusa da ni, kada ki ce uffan."

Na ajiye tire, su biyar suka kewaye shi. Auta, shekara biyu ke nan nake ajiye tiren nan in juya in kama wanke-wanke. Ban taɓa zama na kalla ba.

Babban nawa kafin ka ce kwabo ya haƙa rami a gabansa. Tagwaye suna ci suna faɗa, ƙaramin yana ci da hannu biyu. Ita kuwa ta ɗebi loma ɗaya, ta hura, ta sake hurawa, ta duba ko da ƙaya, ta sa a baki tana tauna kamar mai tunanin duniya. Za ta sake miƙa hannu, hannun wani ya gifta, sai ta janye nata ta jira. Ta yi ta jira. Loma huɗu na ƙirga mata, tire ya zama fili. Ta tashi ta wanke hannu tare da su, ba kuka, ba ƙorafi.

Mai girki ta ce, "Ita kaɗai ce a wurin uwarta ko?" Na ce e. Ta ce, "To a cinya aka saba ba ta. Naki a fagen kokawa aka haife su, ita baƙuwa ce."

Na shiga ɗaki na yi kuka. Sau nawa maigidana yana cewa a zuba mata nata daban, ina cewa a'a, ba za a ce na ware marainiya ba, ubanta ya roƙe ni. Ina ta taƙama da tire ɗaya, ashe shi ne yake ramar da ita.

A can kowane yaro da kwanonsa, kuma mai girki tana zama da ita har ta gama, ko za ta kai minti arba'in. Na fara zuba mata daban a gida, sai dai ba ta ci sai an zauna da ita, ni kuma ƙarfe shida nake fita, in dawo ƙafa kamar turmi. Abincin can ne yake riƙe da ita yanzu. A makon nan sikeli ya ɗan motsa, malamar awo har da tafi.

Hoton nan da na gaya maka, a kan ƙugiyar da take rataye jakarta suka manna shi, kowane yaro da nasa, don ba su iya karanta suna ba. Kullum sai ta tsaya ta kalli kanta. Jiya ta ja mini zane ta ce, "Gwaggo, nan ne wurina." Ka san ta da tsadar magana.

Ka aiko takardar, don Allah.

Yayarka

27 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa a tsaye nake yi, ki yi haƙuri. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taki ta tara ga wata yau ta same ni, a lokacin hutun rana, na karanta ta a kan bututu, na kasa komawa aiki sai da shugaban rukuninmu ya yi mini tsawa.

Wadda na rubuta miki ranar shida, kada ki yi aiki da ita. Ki yaga. Kada ki cire yarinyar. Ƙugiya, Yaya! Na zauna a nan na gina gari guda a kan hoton ƙugiya.

Maganar tire kuwa ba ke kaɗai ba ce. Ni na ɗaure miki hannu da roƙona. Na zauna da uwarta shekara uku, ina ganin tana ba ta a cinya, ban taɓa tunanin in gaya miki ba. Na ɗauka ci kowa ya iya.

Ga takardar na sa hannu. Ki gaishe mini da mai girki, ki ce wani mai walda ya gode.

Ruwa yake yi kwana shida, an ce ya ci hanya a gindin dutse bayan motar jaka ta shigo, ba ta iya fita ba. Na je ofis sau biyu, magatakardan ya ce hanya ba a hannunsa take ba. Gaskiyarsa. Allah ya sa kin yi mini taurin kan da kika saba.

Auta

1 ga Yuni

Auta,

Muna nan. Ba zan ce lafiya lau ba.

Wasiƙarka ta farko, wadda ka ce a cire ta, ta zo ranar ashirin da ɗaya ga Afrilu. Ta biyun sai shekaranjiya.

Na yi maka taurin kan, mako guda. Na ɓoye wasiƙar a jakar aikina ina kai yarinya kamar ban gani ba, har maigidana ya ci karo da ita. Ya ce, "'Yar mutum ce, ya ce a cire. In wani abu ya faru gobe, da wane baki za ki yi masa bayani?" Washegari na cire ta. Ka ce da muryar uba ka yi magana.

Shugaba ta ce ba sa ba kowa hoton yaro sai iyaye sun yarda a rubuce, takardar wannan ma daban take. Ta riƙe gurbin kwana goman doka, ta ƙara biyar nata, ko za ka sauko. Sannan ta kira na gaba. Hoton ta ɓamɓaro ta ba ni. Ga shi cikin ambulan, tunda ka ce in karɓo.

Wurin tsohuwa yara tara ne a ɗaki ɗaya, talabijin a kunne, kwano ɗaya a tsakiya. Ba ta da mugunta, ido ne babu. Ƙwan da nake dafawa in ba ta, ban san cikin wa yake sauka ba. Shiru-shiru ta yi gudawa kwana huɗu. Malamar awo, albarkacin sabo, ta auna mini ita a bakin ƙofa. Rawaya ce, ƙiris ya rage ta taɓa ja. Duk safiya in mun wuce kwanar gidan renon sai ta ja ni wajen. Ba ta kuka. Da ma tana yi.

Yanzu ka saurara da kyau, kada ka sake gina gari. Na kai wa shugaba takardarka. Ta ce a dokarsu yaron da yake rawaya ko ja yana gaban kowa, kuma sabon shiga watanninsa biyu na farko na gwaji ne. In uba ya rubuta yana neman a mayar da ita, kwamiti zai zauna farkon Yuli, za a mayar. Amma gurbi arba'in ne. Masu duba gini ba su yarda da arba'in da ɗaya ba. In ta shiga, wanda aka ba wurinta zai fita.

Na san shi. Ɗan wata mai shara ce a asibitinmu, mota ɗaya muke hawa. Mijinta ya fita neman aiki bai waiwayo ba. Kafin a kira ta, ko ta kulle yaron a ɗaki da kofin ruwa, ko ta ɓoye shi a inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. An ja mata kunne sau biyu, na uku kora ce. Yaron kore ne, ƙato da shi, ci ba ya ba shi wahala. Ranar da aka ba ta gurbin ta rungume ni a cikin mota tana cewa, "'Yar'uwa, taya ni murna." Ba ta san na wa ba ne. Na taya ta.

Shugaba ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ni ma ba zan zaɓa ba. Kai ka kwance, kai za ka ɗaura.

Yayarka

16 ga Yuni

Yaya,

Na gaishe ki, na gaishe da maigidanki. Ki ce masa bai yi laifi ba, maganata ya bi. Jikina lafiya, ba shi ne abin tambaya ba.

Wasiƙa biyu na rubuta wa kwamiti. A ta farko na ce a bar wa yaron, ni na yi wauta, ni zan ɗauka, a mayar da sunan 'yata ƙarshen layi. Ta yi kyau ƙwarai. Da na karanta sai na ji ni mutumin kirki ne. Jin daɗin nan ne ya tsorata ni, don irinsa na ji ranar da na ce ki cire ta. "Ni zan ɗauka," wai. Da me? Ni ina nan ina cin nawa a kwanona. Damtsenta ne zai ɗauka. Sau ɗaya na sayi mutuncina da shi, ba zan ƙara ba. Na yaga.

Ta biyun ce a cikin ambulan ɗin nan. Layi huɗu ce: ina neman a mayar da ita. Na kwafe ta na ba wani mai haɗa wutar lantarki da zai tafi hutu gobe, zai jefa a gidan waya a birni. Ko hanya ta sake cinyewa, ɗaya za ta iso kafin Yuli.

Na san abin da na yi. Matar nan ba ta ci mini komai ba. Ta bi layi, ta jira, aka kira ta. Ni na zubar da nawa da hannuna, na dawo ina karɓe nata saboda doka ta ba ni dama. Doka ta ba ni, amma ba ta wanke ni ba.

Abin da nake ba tsohuwa ba zan daina ba, a riƙa kai mata yaron har a sake kiransa, ko wata nawa ne. Kada ki ce alheri na yi. Ɗakin da ya kusa kai tawa ja shi nake miƙa wa nata, ina fakewa da cewa shi ya iya kokawa. In ta ƙi karɓa, tana da gaskiya.

Abu ɗaya ya rage, kuma na san nauyi nake ƙara miki. Kada ta ji daga bakin shugaba, kada ta ji a ranar. Ki gaya mata tun yanzu, ta samu ta shirya. Kada ki ce ƙaddara ce, kada ki ce dokar ƙungiya ce. Matan nan ba su yi mata komai ba, ke ma haka, kuma mota ɗaya za ku ci gaba da hawa. Ki ce uban yarinyar ne ya nema, yana sane, an gaya masa komai game da ita da ɗanta, ya nema duk da haka.

In za ta yi Allah ya isa, kada ki ba ta haƙuri. Ki faɗa mata sunana cikakke, har da na mahaifinmu, don kada ta kuskure ta sauka a kan wani.

Ƙaninki, Auta